Ribas A Hanyar Aswan

Ja'afar ya iya tuƙa babbar mota, wannan kam ba mai ƙwace masa. Abin da bai taɓa gaya wa kowa a Alƙahira ba shi ne, gaba kawai ya iya kai ta. Shekarar da ya gama sakandare ya bi kawunsa Ɗanmalam, mai roka da ke jigilar albasa daga Sakkwato zuwa kudu. In an fita gari hanya ta miƙe sambal, sai kawun ya sakar masa sitiyari ya kishingiɗa. Da an hango tasha ko kasuwa kuma sai ya ce, "To matsa, nan ba wurin koyo ba ne." A haka suke har tallafin karatu ya fito masa ya taho Masar. Ya san giya, ya san birki, yana da lasisinsa a aljihu. Ribas kuwa bai taɓa sa wa babbar mota ba tun da uwarsa ta haife shi.

Da wannan ba komai ba ne ga ɗalibin fiƙihu mazaunin Hay el-Sabi', wanda ƙafa da bas suka ishe shi, in da bakinsa bai ja masa ba. Ranar da ya je gaisuwar neman auren Israa a Ainu Shams, yayanta Isam ne ya karɓe shi a falo, mahaifiyarsu Hajja Awadiyya tana zaune daga bakin ƙofar ɗaki. Hausawan Sudan ne, yaƙi ya koro su. A bango akwai hoton wani dattijo da farin rawani ya jingina da lori. Isam ya ce babansu ne, marigayi Ishaq, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tuƙi tsakanin Omdurman da Nyala. Shi kuma Ja'afar, da ya rasa abin faɗa, gumi yana tsattsafo masa, sai ya ji bakinsa ya ce, "Allahu akbar. Ai ni ma direban babbar mota ne a gida."

Hajja Awadiyya ta ja gefen lulluɓinta ta share ido. Ta ce wa ɗanta, "Ka ji, ya Isam. Allah ya mayar mana da sawwag, direba, gidan nan."

Daga ranar maganar ta yi ƙafafu. Duk lokacin da aka taru cin abinci sai an ce ya ba da labarin hanya, shi kuwa sai ya ƙara gishiri. Kafin a shekara da aure ya riga ya kai tirela Legas, ya haye gadar Jebba cikin ruwan sama, ya tsere wa 'yan fashi da taya guda a fashe. Hajja tana saurare daga ɗaki. Ita mutuniyar da ce: ba ta kama sunan surukinta, ba ta ci ba ta sha a gabansa, in tana da magana da shi sai ta bi ta kan 'yarta, ko da yana tsaye a wurin.

To, rana ba ta ƙarya. Isam ya sami aiki a Aswan, ya kama gida, ya ce a kawo masa mahaifiyarsa da kayanta kaf. Ya yi magana da abokinsa Muhannad mai ba da hayar motocin kwasar kaya, aka ware musu wata farar jambo mai dogon bodi. Ana saura kwana kaɗan direban motar ya tafi ƙauyensu jana'iza. Isam ya bugo wa Ja'afar waya yana dariya.

"Ya Ustaz, khalas, an huta. Me za mu yi da direban haya ga namu a gida?"

Nan ne wurin da mutum mai hankali zai ce, "Isam, tsaya ka ji." Ja'afar ya buɗe baki da niyyar faɗar hakan, Allah ya sani. Sai ya ga Israa tana kallonsa fuskarta tana sheƙi, irin kallon da 'ya mace take yi wa wanda ya tuna mata da ubanta. Ya ce, "Tamam. Ai ƙaramin abu ne." Ya wuni a ɗakin karatu yana kallon bidiyon yadda ake komawa da baya a waya, littafin gado a buɗe gabansa, alhali ya fi kowa sanin ba a fafe gora ranar tafiya.

Da sassafe ya ɗauko motar daga garejin Muhannad. Sa'arsa ɗaya, hancinta yana kallon ƙofa. Ya shigo da ita layin su Hajja a hankali, yana raba hanya da 'yan keken tuk-tuk da masu kurar dafaffen waken ful, abokan karatunsa da suka zo taya lodi suna tafa masa. Tafin ne ya ɗauke masa hankali har ya gota ƙofar gidan. Suka yi ta ɗaga masa hannu ya dawo kaɗan. Ya leƙo ta taga ya ce bari ya zagayo, ya fi sauƙi. Ya zagaye unguwar kaf, ya dawo, ya sake gotawa. A karo na gaba ya tsaya tun kafin ya iso, ya sauko yana cewa nan ya fi inuwa. Bayin Allah nan suka yi ta ɗaukar firiji da katifu da gadajen igiya suna tafiya da su har ƙarshen layi. Da ya ɗaga kai sai ya ga Hajja a baranda tana kallon ƙasa. Ya rusuna ya gaishe ta, ta amsa ta koma ciki.

Su uku suka shiga gaba: shi a sitiyari, Israa a tsakiya, Hajja a bakin taga. Hoton marigayi ba ta yarda an sa shi cikin kaya ba. A cinyarta ta ɗora shi, fuskar tana kallon direba.

Da suka hau babbar hanyar da ta kewaye birni, suka bar Giza a baya, hanyar hamada ta miƙe, sai Ja'afar ya dawo cikin ruwansa. Wannan ai ita ce irin hanyar da ya sani. Yana canza giya motar tana amsawa, kaya a baya sun zauna daram, har ya ɗora gwiwar hannu a taga irin ta kawunsa. Israa ta ce wa mahaifiyarta, "Yumma, kin ga yadda yake riƙe sitiyari? Sak Baba." Hajja ta ce Allah ya kai mu lafiya.

Hantsi ya yi, Hajja ta yi wa 'yarta raɗa. Tana da ciwon sukari, mai sa mutum yawan zagayawa, hamadar nan kuwa ba ta da ko ƙaramar bishiyar da mace za ta fake. Israa ta ce, "Ustaz, in ka ga istiraha ka tsaya mana." Istiraha ita ce mashayar matafiya ta bakin hanya, mai banɗaki da shayi da ɗan masallaci. Ba a jima ba suka iske wata. Ya kutsa cikin filin, ya tsaya bayan wata doguwar bas, a ransa yana cewa in ta tashi sai ya bi bayanta ya fice.

Bas ba ta tashi ba. Fasinjojinta sun baje suna cin abinci kamar a gidan biki. Mata suka dawo suka shiga mota. Wani mai tirela da Ja'afar ya tare wa hanya ya fara danna oda, sannan ya leƙo yana ihu, "Irga' wara ya usta! Koma baya mana!" Ja'afar ya sauka, ya durƙusa gaban motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce inji ya yi zafi, ba ya son tayar da shi yanzu. Mai tirela ya yi masa wankin babban bargo da Larabcin da ba a koyarwa a jami'a. Mutane suka taru suna ba da shawara. Shi dai yana durƙushe cikin rana, rigarsa ta jiƙe sharkaf, har Allah ya sa bas ta ɗaga. Da ya hau, bai kalli gefen dama ba. Ya ce, "Injunan nan na haya sai an lallaɓa su."

Israa ta buɗe fulas ta zuba wa mahaifiyarta shayi. Hajja ta girgiza kai. Ta miƙa mata gorar ruwa, ta ture da bayan hannu.

"Yumma, moya ce fa, ruwa kawai. Zafin nan ya yi yawa."

"Na ƙoshi, ya bitti, 'yata."

Israa ta yi dariya ta ce wa mijinta, "Ka gani ko? Kunyarka take ji. Ko mutuwa za ta yi ba za ta sha a gabanka ba." Ya ce ai zai kau da kai. Ya kau da kan, Hajja ba ta sha ba. Gurasa da cuku da aka ƙunso ma ba ta taɓa ba.

Suka wuce Minya, rana ta take tsaka. Motar ba ta da na'urar sanyi, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanda. Duk istirahar da suka tunkara sai Ja'afar ya rage gudu ya auna filinta da ido: motoci sun cusa kai, ƙofar shiga ita ce ta fita. Sai ya taka totur. Yana jiran a ce ya tsaya, gabansa yana faɗuwa, amma ba wanda ya ce. Gaskiyar magana, daɗi ya ji. Har hamdala ya yi a ransa da Allah ya haɗa shi da suruka mai kunya.

Da azahar ta yi Israa ta ce, "Ba za mu tsaya salla ba?" Ga masallaci a cikin wata istiraha, cike da manyan motoci. Nan Ustaz ya gyara murya. Ya ce matafiyi yana da rahusa, ya halatta a jinkirta azahar a haɗa ta da la'asar, ya kawo hadisi da wanda ya ruwaito shi, ya kawo maganar malamai. Duk abin da ya faɗa daidai ne, ba kuskure ko ɗaya. Shi kaɗai ya san ba don Allah ya faɗa ba. Ya saci kallon hoton da ke cinyar Hajja, ya yi maza ya mayar da idonsa kan kwalta.

Sun yi nisa a bayan Asyut, inda babu komai sai yashi da turakun lantarki, suka gifta wani ɗan farin gini na is'af, wato agajin gaggawa, irin waɗanda ake kafawa jefi-jefi don masu haɗari. Wani ma'aikaci yana zaune a inuwarsa. Ba su yi nisa da shi ba hoton ya zame daga cinyar Hajja ya faɗi. Kanta ya langaɓe a jikin ƙofa.

"Yumma! Yumma!" Israa ta girgiza ta. Leɓunanta sun bushe sun yi fari, goshinta sanyi ƙalau. "Sajami! Na shiga uku! Ustaz, tsaya!"

Ya taka birki ya sauka gefen titi. Suka yayyafa mata ruwa, ba ta motsa ba. Waya ba sabis. Tsakiyar hanyar an gina katangar siminti, wurin juyawa kuwa Allah kaɗai ya san inda yake. Israa ta leƙa madubi ta nuna.

"Ga is'af can, ana hango shi! Gefen titi ba kowa. Koma da baya, yalla!"

Ya riƙe giyar. Ya danna kuloci ya tura ta inda bai taɓa turawa ba, motar ta yi gurnani ta fara ja da baya. Ya kalli madubin hagu, ya kalli na dama, komai ya juye masa. Gindin motar ya karkata ya nufi tsakiyar titi. Wata tanka ta taho da oda mai tsaga kunne, ta wuce su kamar za ta shafe fenti. Ya murɗe sitiyari gaba ɗaya zuwa ɗaya gefen. Tayoyin baya suka sauka daga kwalta suka nutse cikin yashi, kaya suka yi gungurum a bodi, inji ya mutu.

Israa ta zuba masa ido. "Me kake yi haka? Ka tayar ka sake!"

"Ban iya ba."

"Ba ka iya me ba?"

"Ribas. Ban taɓa yi ba, Israa. Ban iya ba."

Ta kau da kai daga gare shi, da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Ya diro ya zagaya ya buɗe ƙofar. Matar da bai taɓa haɗa ido da ita ba, wadda ko gaisawa sai daga nesa, ya durƙusa ya ce a ɗora masa ita a baya. Israa ta ɗaure ta da lulluɓinta kamar goyon jariri. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ƙara karya masa zuciya. Ya kama gudu a gefen titi, kwalta tana ƙona shi ta cikin silifas, kanta yana bugun kafaɗarsa, Israa tana biye tana salati. Tafiyar da mota za ta yi kafin a karance Fatiha, sai da numfashinsa ya kusa ɗaukewa kafin ya kai.

Ma'aikacin ya kwantar da ita, ya soki yatsanta, ya duba, ya ɗaura mata ƙarin ruwa. Ya ce sukarinta ya faɗi, jikinta kuma ya bushe. Ya tambayi rabonta da ci da sha. Da Israa ta faɗa masa, ya tafa hannu ya ce, "Haram alaiku! Tsohuwa mai sukari, a wannan zafi?" Ja'afar ya fita waje. Ya tsaya jikin bango kusa da taga, yana kallon motarsa can nesa ta karkace kamar jakin da kaya suka rinjaya.

Can ya ji muryar Hajja, ƙasa-ƙasa. Sannan ta Israa, cikin kuka da faɗa.

"Yumma, wace irin kunya ce wannan? Don kada suruki ya ga kina shan ruwa sai ki kashe kanki?"

"Wa ya ce miki kunya ce? Ni da na tsallako hamada a bayan akori-kura da maza fal, ruwa zan kasa sha?" Ta yi tari. "Ya bitti, tun ina amarya nake tsaya wa ubanki a baya yana shigar da lori gida. Tun daga baranda na gane. Direban da ya gota ƙofa ya tafi zagaya unguwa, ai ya faɗa maka komai."

"To me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa a gaban wa? A gabanki? Kin ga yadda ya durƙusa a wurin nan, ƙato yana zaginsa, don ni na ce a tsaya. Na ce in na sha zan sake nema, in na nema zai sake shiga inda ba zai iya fita ba. Na ce bari in daure mu isa, ya sauka da mutuncinsa. Yaron kirki ne. Bakinsa ne ya fi shi gudu."

Ja'afar ya zame ya zauna a ƙasa. Ya tuna hamdalar da ya yi. Ya tuna hadisin da ya jawo da isnadinsa, tsohuwa tana gefensa harshenta yana bushewa saboda shi. Kunya ta rufe shi har ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Da Israa ta fito neman ruwan wanke fuska ta gan shi a wurin, ta san ya ji. Ta wuce shi.

Wani mai tirela ɗan Sohag ya tsaya ya ɗaura sarƙa ya fizgo jambon daga yashi. Da ya tambayi yadda aka yi, Ja'afar ya gaya masa gaskiya, mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce ma'alish, ba komai, ya dawo musu da ita da baya har ƙofar is'af da hannu ɗaya a sitiyari. Suka yi sallolinsu a nan. Rana ta yi sanyi kafin ma'aikacin ya yarda su tafi.

Da suka shiga mota, Hajja ta ɗauki hoton ta goge gilashinsa da ya tsage ta mayar cinya. Ta karɓi gorar ruwa daga hannun 'yarta. Ba ta juya baya ba, ba ta ja lulluɓi ba. Ta kafa kai ta sha har sai da gorar ta lotsa.

"Ja'afar."

Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya ce, "Na'am, Hajja," kansa a ƙasa.

"Ka ga na sha. Istiraha ta farko ka tsaya. Ka shiga har ciki."

Ya shiga har ciki, tsakanin wata tanka da motar tumatir. Da suka gama abin da ya tsayar da su, Hajja ba ta hau ba. Ta taka a hankali zuwa bayan motar, filasta tana manne a bayan hannunta inda aka sa allura, ta tsaya inda zai gan ta a madubi. Direbobin da ke shan shayi suka juyo da kujerunsu. Ta ɗaga hannun.

"Taho. A hankali. Karya hagu kaɗan. Hagu na ce, ya waladi, ɗana! Tsaya. Koma gaba, mu sake."

Ya koma gaba. Wani ya yi fito, wasu suka kwashe da dariya. Israa tana zaune gefensa da hoton ubanta a ƙirji, tana kallon gabanta. Ya share idonsa da hannun riga don ya ga madubin sosai, ya sake sa giyar ribas.